SUNA LINZAMI: TSOHON SOJA, SABON SUNA DA TAKARDAR SALLAMA

 Yau dai ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, don haka masu jiran jin yadda za ta kaya tsakanin masoya su yi mini uzuri na wannan karon. Magana nake so mu yi a kan wasu bayin Allah da ba kasafai mu marubuta muke tunawa da su ba, wato 'yan mazan jiya, tsofaffin sojojin da suka ba ƙasar nan ƙuruciyarsu, yau kuma da yawansu suke zaune da takardar sallama mai ɗauke da suna daban da wanda yake jikin katin ɗan ƙasa da asusun bankinsu. Ra'ayina a taƙaice shi ne, duk tsohon sojan da ya canza suna ta hanyar da doka ta yarda, haƙƙinsa ne hukumar soja ta gyara masa takardunsa cikin sauƙi, ba sai ya zama mabaraci a ƙofar ofis ba. Zan faɗi dalilaina, kuma zan kawo hujjar masu ganin akasin haka, domin su ma suna da abin faɗa.

Wanda bai taɓa zama da tsohon soja ba, da wuya ya san darajar takardar nan a wurinsa. Za ka same ta a naɗe cikin leda, ledar a cikin wata ledar, a can ƙasan akwatin ƙarfe, inda ko uwargida ba ta isa ta taɓa ba sai da izini. A jikinta ne aka rubuta sunansa da lambarsa ta soja, da muƙamin da ya kai, da ranar da ya shiga da ranar da ya fita, da dalilin sallamar, da shaidar halinsa. Da ita ake buɗe masa fayil ɗin fansho, ita yake nunawa a wurin tantancewa, ita yake kaiwa idan yana neman aikin gadi a kamfani, kuma ita ce hujjarsa a gaban jikokinsa in sun ce tsoho yana cika baki. Shekara ashirin ko talatin na fareti da rana da sanyi da ƙarar bindiga, duk sun taru a wannan 'yar takarda. To, idan sunan da ke kanta ya saɓa da na mai ita, ka ga an shiga uku ke nan.

Kafin mu zargi kowa, ya kamata mu tambayi yadda sunayen suka shiga takardun tun farko. Tun zamanin da Bature Glover ya tara 'yan Hausawansa a Ikko a 1863, waɗanda daga su ne rundunar sojan Nijeriya take ƙirga asalinta, Hausa ce harshen bariki, kuma akawun da ke riƙe da alƙalami shi ne mai raɗa suna. Kurtu zai zo a tambaye shi sunansa ya ce Audu, a tambaye shi na mahaifinsa ya sunkuyar da kai, domin kunya ba ta barin ɗan Bahaushe na wancan lokaci ya ambaci sunan ubansa gatsau. Sai akawu ya ce daga ina ka fito? Ya ce Katsina. Shi ke nan, ya zama Audu Katsina har abada. Wani kuma laƙabi ake liƙa masa, Dogo ko Gajere ko Ɗanbaba, wani a sa masa sunan ƙabilarsa. Sojan da tarihi ya ce shi ne ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a yaƙin duniya na farko, a ƙasar Togo cikin watan Agusta na 1914, an rubuta shi ne Alhaji Grunshi, alhali Gurunshi sunan ƙabila ce a arewacin Gana. Haka aka kwashi dubbai zuwa yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 tsakanin 1943 da 1945, da yawansu da sunayen da ba a yanka musu rago da su ba. Mutane da dama da ba Hausawa ba ma sun shiga da sunan Hausa, saboda shi ne ya fi sauƙi a bakin saje.

Ba a soja kaɗai aka yi haka ba. Makarantar boko ma haka ta yi wa manyanmu, shi ya sa muke da Aminu Kano da Shehu Shagari da Sa'adu Zungur da Abubakar Tafawa Ɓalewa, duk sunayen garuruwa. Bambancin kawai shi ne su sun yi suna da sunayen, duniya ta san su da su, shi kuwa ƙaramin soja babu wanda ya san shi da nasa sai fayil.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, sai abin ya ƙaru. Rundunar da ba ta wuce mutum dubu goma ba kafin yaƙi, ta kai wajen dubu ɗari biyu da hamsin lokacin da aka gama a watan Janairun 1970. A irin wannan gaggawa wa yake da lokacin tsayawa ya tambayi kurtu ko Muhammadu ne ko Mamman, ko da harafin "o" ake rubutawa ko da "u"? Abin da kunnen akawu ya ji shi hannunsa ya rubuta. Abin dariya abin tausayi, ofishin da ke ajiye bayanan sojojin ƙasa a Lakwaja yana cikin barikin da aka sa wa sunan Chari Maigumeri ne, jarumin nan da mutanen Barno suka sani da Kyari Magumeri. Wato shi kansa mai barikin bai tsira daga alƙalamin akawu ba.

Wannan ke nan game da waɗanda aka yi wa kuskure. Akwai kuma waɗanda su da kansu suka canza suna bayan sun bar aiki, kuma su ne ainihin waɗanda nake magana a kansu. Akwai wanda ya shiga soja yana wani addini, daga baya Allah ya nufe shi da Musulunci ya ɗauki sabon suna. Akwai wanda ya tashi a hannun kawunsa ko mijin uwarsa, aka sa shi makaranta da sunan mariƙinsa, sai da girma ya zo ya ga ya dace ya koma ga sunan mahaifinsa. Akwai wanda ya gaji da amsa sunan gari ko laƙabin bariki, yana so 'ya'yansa su gaji sunan gidansu. Akwai kuma mata sojoji da aure ko rabuwar aure ya taɓa sunansu. A cikin waɗannan wane ne ya yi laifi? Manzon Allah (SAW) da kansa ya canza wa sahabbai sunaye. Abdurrahman bin Auf da can Abdu Amru ake kiransa, Nana Juwairiyya kuma Barra ce kafin a canza mata. Zaidu bin Harisa ya daɗe ana kiransa ɗan Muhammadu, sai da umarni ya sauka a cikin Suratul Ahzab cewa a riƙa danganta kowa ga ubansa, aka mayar da shi ga Harisa. Ashe ke nan tsohon da ya je kotu don ya koma ga sunan mahaifinsa umarnin addininsa yake bi.

A da can wannan saɓani bai cika damun kowa ba, saboda mutum ne ke biyan mutum. Mai biyan kuɗi ya san fuskarka, mai unguwa zai shaide ka, samanjan da kuka yi aiki tare zai ce ai shi ne. Yanzu kuwa zamani ya juya. Tun da aka shigo da lambar BVN a bankuna a 2014, aka kuma matsa wa kowa ya mallaki lambar NIN ta ɗan ƙasa, kwamfuta ce alƙali, ita kuwa kwamfuta ba ta san "ai shi ne" ba. Harafi ɗaya ya bambanta, ko sunan tsakiya ya koma ƙarshe, sai ta ce mutum biyu ne. Dattijo yana tsaye da ƙafarsa da tabon harsashi a cinyarsa, amma allo ya ce ba a san shi ba.

Wani zai ce to ai sai ya je kotu ya yi takardar rantsuwa, ya buga a jarida, magana ta ƙare. Da ma haka ne da an huta. Mu tuna abin da ya faru a jihar Bayelsa. Ranar 13 ga Fabrairun 2020, ana gobe za a rantsar da David Lyon a matsayin gwamna, Kotun Ƙoli ta rushe zaɓensa, saboda sunayen da ke jikin takardun mataimakinsa sun saɓa wa juna, duk da cewa yana da takardun rantsuwa. Darasin da lauyoyi suka ɗauka daga wannan hukunci shi ne, rantsuwa kaɗai ba ta gyara sunan da ke jikin takardar da wata hukuma ta bayar, hukumar da ta ba da takardar ita ce mai ikon gyara ta. To jama'a, idan saɓanin suna ya iya kayar da kujerar gwamna sukutum, ina ga kofur mai ritaya da ke zaune a ƙauye? Kuma idan hukumar da ta bayar ita kaɗai ce mai gyarawa, ashe wajibi ne hukumar soja ta buɗe ƙofa sananniya ta yin wannan gyara, tunda babu wani mai iya yi a madadinta.

Akwai wani dattijo a unguwarmu, cikin waɗanda suka yi yaƙin basasa, wanda yakan kawo mini takardu in karanta masa saboda idonsa ya yi rauni. Da sunan garinsu aka ɗauke shi aiki, bayan ya yi ritaya ya sauke farali sai ya bi duk ƙa'ida ya koma ga sunan mahaifinsa, ya yi katin ɗan ƙasa da shi. Ranar da kuɗinsa ya tsaya, wannan ofis ya ce ya je wancan, wancan ya ce ba aikinsa ba ne, na uku ya ce ya dawo bayan sallah. Wani ma'aikaci ma shawara ya ba shi, wai mafi sauƙi ya koma ya sake katin ɗan ƙasa da tsohon sunan. Da ya zo yana ba ni labari bai yi zancen kuɗin mota da ya ƙarar ba, abin da ya ce kawai shi ne, "Yanzu don 'yan kuɗin nan sai in sake yar da sunan ubana?" Wallahi na rasa amsar da zan ba shi.

Yanzu bari mu ji ta bakin masu cewa kada a taɓa takardar. Hujjarsu ta farko ita ce takardar sallama tarihi ce. A ranar da aka rubuta ta, sunan da mutumin yake amsawa ke nan, don haka babu kuskure a cikinta balle a gyara, kuma in aka fara goge tarihi saboda abin da ya faru daga baya, ba a san inda za a tsaya ba. Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, wato 'yan fanshon bogi. Kowa ya san yadda aka sha gano sunayen matattu da na waɗanda ba a taɓa haifa ba suna karɓar kuɗi a ƙasar nan. Idan aka sauƙaƙa canza suna a fayil ɗin soja, me zai hana wani ɓarawo ya ɗauki fayil ɗin mamaci ya liƙa sunan ƙaninsa?

Ban raina waɗannan hujjoji ba, amma ina ganin duka biyun suna da amsa. Game da tarihi, ai babu wanda ya ce a goge tsohon suna. Mu duba yadda malaman tarihin Musulunci suka yi da sahabban da na ambata. Sun rubuta sabon suna, sun rubuta tsohon, sun faɗi wanda ya canza da dalilin canzawar, shi ya sa yau bayan shekara dubu da ɗari huɗu ni da kai muka san duka biyun. Haka ya kamata fayil ɗin soja ya kasance, tsohon suna ya zauna a inda yake, a ƙara shafi a ce daga rana kaza mai wannan lamba ya koma amsa suna kaza bisa hujja kaza. Wannan ƙarin tarihi ne, babu abin da ya ragu. Game da 'yan bogi kuwa, soja ya fi kowane ma'aikaci sauƙin ganewa, domin yana da abin da ba ya canzawa, wato lambarsa. Tsohon soja zai iya manta shekarar haihuwarsa, amma ka tashe shi daga barci cikin dare zai karanto maka lambarsa ba gargada. Ga hoto a fayil, ga zanen yatsa da banki da hukumar katin ɗan ƙasa suka riga suka ɗauka. Mai satar fansho ma ai ya fi son a bar sunan mamaci yadda yake kada a taɓa, don taɓawar ce ke jawo bincike. Wanda ya kawo kansa ya ce a duba yatsana a gyara sunana, da wuya ya zama shi ne ɓarawon. Kuma ba adalci ba ne ɓera ya yi sata a kama kaza a yanka.

Don kada a ce abin da nake faɗa ba ya yiwuwa, mu leƙa Amurka. Tun daga 1950 takardar sallamarsu guda ce ga duk rundunoni, ana kiranta DD 214. Tun 1946 kuma dokarsu ta ba kowace runduna ikon kafa kwamitin fararen hula mai duba koke-koken gyaran bayanan soja. Tsohon sojan da ke son gyara yana cike fom mai lamba DD 149, ya haɗa da hujjojinsa kamar umarnin kotu na canjin suna, ya aika. Doka ta ba shi shekara uku daga lokacin da ya gano matsalar, amma kwamitin yana da ikon yafe jinkiri idan adalci ya buƙaci haka. In mai takardar ya rasu, matarsa ko magajinsa na iya nema a madadinsa. Suna kuma da wata takarda, DD 215, wadda aikinta shi ne ɗaukar gyara a haɗa ta da ta asali. Ba ina cewa can aljanna ba ce, domin su ma kwamitocin nasu sun sha ƙin canza suna da wannan hujja ta cewa takardar tarihi ce, sai mutum ya nuna cewa barin ta haka zalunci ne a kansa. Abin da ya burge ni shi ne akwai ƙofa, an san lambar fom, an san inda ake kai shi, kuma ko an ƙi za a ba ka amsa a rubuce da dalili. Mu ma abin da muke roƙo ke nan.

Akwai wani darasin kuma daga can. Ranar 12 ga Yulin 1973 gobara ta tashi a babbar ma'ajiyar bayanan sojojinsu da ke birnin St. Louis, ta cinye fayil tsakanin miliyan 16 zuwa 18, kuma babu kwafinsu a wani wuri. Kusan kashi 80 cikin 100 na fayilolin sojojin ƙasa da aka sallama tsakanin 1912 da 1960 sun tafi. Daga ranar, takardar da ke hannun tsohon soja ta zama ita ce babbar hujjarsa. Idan haka ta faru a Amurka, to kada wani ya kwanta da tunanin cewa fayil ɗinsa na nan a ajiye har abada, gara ta hannunsa ta zama daidai.

Saboda haka ga roƙona ga hukumomin soja da Hukumar Fanshon Sojoji da ke Abuja. Na farko, a fito da fom guda na gyaran suna, a bayyana takardun da ake buƙata dalla-dalla, a fassara da Hausa da sauran harsuna, a karanta a rediyo. Na biyu, a ba da dama a miƙa shi a bariki mafi kusa ko ta ofishin ƙungiyar 'yan mazan jiya na jiha, domin ɗora wa ɗan shekara saba'in da biyar tafiyar Lakwaja ko Abuja daga Nguru ko Illela hukunci ne ba tare da laifi ba. Na uku, idan an amince, a ba shi takarda mai hatimi mai ɗauke da sunaye biyun da lambarsa, kuma hukumar da kanta ta sanar da masu biyan fansho, kada a bar shi yana yawo da ita ofis-ofis. Na huɗu, muddin yatsa da lamba sun tabbatar shi ne, kada a tsayar da kuɗinsa yayin da ake jiran gyara, don ciki ba ya jiran fayil. Na biyar, a yanka wa'adin ba da amsa, kuma a ba magada damar nema idan mai takardar ya riga mu gidan gaskiya.

Su ma iyayenmu 'yan mazan jiya ina da magana da su, cikin ladabi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda ya san sunansa ya saɓa, ya tashi tun yana da ƙarfin zirga-zirga, kada ya jira sai kuɗi ya tsaya. A nemi lauya ko wani masani ya nuna cikakkiyar hanyar canjin suna, har da bugawa a gazet ɗin gwamnati, kada a tsaya a rantsuwa kawai. A zaɓi rubutu ɗaya na suna a tsaya a kansa a ko'ina, harafi da harafi, da jerin wanne ne farko wanne ne ƙarshe. Kada a kuskura a sa biro ko farin fenti a jikin takardar sallama don gyara da hannu, yin haka lalata ta ne, yana ma iya jawo tuhuma. Kada a ba kowa ta asali ya tafi da ita, a ba da kwafi. A kuma yi hattara da 'yan kamashon da ke cewa sun san wani a ciki, da yawa sun karɓi kuɗin tsofaffi sun ɓace.

Ku kuma matasa da ke karanta wannan, musamman 'ya'ya da jikokin barikin soja, aikin naku ne. Ku lallaɓa tsoho ya buɗe akwatin nan, ku jera takardar sallama da katin ɗan ƙasa da takardar banki ku duba ko sun yi daidai, ku ɗauki hotonsu a waya ku adana. Ranar da ya faɗi ya mutu, uwarku ce za ta tsaya a gaban ma'aikaci tana ƙoƙarin tabbatar da cewa mijinta da mai wannan fayil mutum ɗaya ne, kafin a saki bashin fanshon da yake bi ko abin da ya rage a asusunsa, kuma a ranar babu shi balle ya karanto lambarsa.

Duk ranar 15 ga Janairu manyanmu suna ajiye furanni suna sakin tantabaru don tunawa da 'yan mazan jiya. Madalla da wannan, amma waɗanda suke raye sun fi buƙatar a kira su da sunan da suke amsawa, a kuma biya su haƙƙinsu da shi. Hausawa suka ce suna linzami ne, to bai kamata linzamin da akawu ya ɗaura wa yaro ɗan shekara goma sha takwas a layin ɗaukar kurata ya zama shi zai hana shi cin guminsa yana da furfura ba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta dama a fagen fama, ya ba na raye lafiya da haƙuri, ya sa masu iko su ji wannan kuka. Mu kuma Allah ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin. Wassalam.